Fentin Motar Daji: Daga Maganin Tsatsa Zuwa Ledar Kariya

Motocin farko da aka ƙera don ratsa daji da hanyoyin da babu kwalta ba a yi musu fenti don ado ba. Jif ɗin da kamfanonin Willys da Ford suka ƙera wa sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu fenti kore mai duhu aka shafa mata, wanda ba ya sheƙi, don kada abokan gaba su hango ta daga nesa, kuma don ƙarfen kada ya yi tsatsa. Land Rover, wadda aka fara nunawa a Amsterdam a 1948, da alminiyam aka yi jikinta saboda ƙarancin ƙarfe a Ingila bayan yaƙi, aka kuma shafa mata ragowar koren fentin soja. Alminiyam ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, don haka in ƙaya ta karce ƙofa ko reshe ya kuje gefe, manomi ko jami'in gandun daji bai da dalilin tsayawa ya duba. Mota ce ta aiki, tabo a jikinta ba abin kunya ba ne.

A ɓangaren motocin birni kuwa, fenti ya riga ya zama abin kasuwa. Daga 1914 zuwa 1925 Ford baƙar mota kaɗai yake sayarwa. A 1924 General Motors ya fito da motar Oakland da fentin Duco na kamfanin DuPont, wanda ya rage lokacin bushewa daga makonni zuwa sa'o'i, ya kuma buɗe ƙofar launuka iri-iri. Masu mota suka koyi goge ta da kaki, musamman wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin dabino ta ƙasar Brazil. Kaki yana hana ruwa zama, yana ƙara sheƙi, amma ƙarfinsa bai kai ya tare tsakuwa ba.

Hanyoyin biyu sun haɗu ne lokacin da motar daji ta shiga hannun masu kuɗi. Range Rover ta fito a 1970 da kujerun roba da daɓen da ake wankewa da tiyo, amma kafin ƙarshen shekarun 1980 ta zama motar manya. A daidai wannan lokaci masana'antu suka koma fenti mai hawa biyu, wato launi a ƙasa, sannan a bi shi da wani shafi garai-garai a sama. Duka fentin, har da na share fage, kaurinsa bai wuce kashi ɗaya zuwa ɗaya da rabi cikin goma na milimita ba, kuma shafin saman bai kai rabin haka ba. In ƙaya ta ja layi a kansa, layin fari yake fitowa, ya fi muni a kan baƙar mota. Ana iya goge marar zurfi da inji, sai dai kowace guga tana cin shafin, wata rana kuma sai a tarar da launi tsirara.

Dabarun farko na kare fentin na gargajiya ne. A 1961 wani mai ɗinkin kujerun mota a Kalifoniya, Bill Colgan, ya fara ɗinka wa motocin Porsche rigar gaba don tare tsakuwa. Ta yi farin jini, amma tana da aibu: yashi da danshi suna shiga ƙarƙashinta, iska tana kaɗa ta, sai ta riƙa cin fentin da aka ce ta tsare. Ga shi kuma gaba kawai take rufewa, alhali a daji gefe ne ke shan wahala. Motocin gasar Camel Trophy, da aka yi daga 1980 zuwa 2000, sun yi amfani da wata dabara: wayoyi biyu na ƙarfe da ake ɗaurewa daga ƙarfen gaba zuwa kan rufi, su ɗaga rassa sama kafin su kai gilashi.

Maganin da ya dawwama daga filin yaƙi ya fito. A yaƙin Vietnam, yashi da tarkacen da jirage masu saukar ungulu ke tayarwa suna cinye bakin farfelarsu, sauya farfela kuwa tsada gare shi. Kamfanin 3M ya samar wa sojojin Amurka wata leda mai tauri da danƙo da ake mannawa a bakin farfelar, in ta lalace a ɓare a sa wata. Masu tseren mota suka ɗauke ta a shekarun 1980, daga nan ta isa motocin jama'a a shekarun 1990. Ledar farko tana da kauri, tana komawa rawaya a rana, kuma a jikin mota ake yanka ta da reza, wanda sau da yawa ke barin tsaga a fenti. Kamfanin XPEL, da aka kafa a San Antonio ta jihar Texas a 1997, ya yi suna da manhajar kwamfuta mai ɗauke da zanen kowane sashe na mota, inji ya yanka ledar daidai kafin a kai ta jikin ƙofa. Mai aikin yakan fesa ruwan sabulu, ya shimfiɗa ta, ya bi da faifan roba yana korar ruwa da kumfa daga tsakiya zuwa baki.

A farkon shekarun 2010 aka fito da leda mai warkar da kanta, wadda zafin rana ko ruwan ɗumi ke sa ƙananan layuka su shafe. Kaurinta kusan kashi biyu cikin goma na milimita ne, wato ta fi fentin kansa kauri. Shafin siramik da ya yi tashe a wannan zamani ana yawan zuzuta shi fiye da kima. Yana sauƙaƙa wanki, amma siririntarsa ba ta tare ƙayar bagaruwa. Wasu masu shiga daji kuma sun bar batun sheƙi gaba ɗaya, suna fesa wa duk jikin motar baƙin shafi mai kaushi irin wanda aka ƙirƙira don bayan a-kori-kura.