Taswirar da ke ƙarƙashin Borno

Yau ƙarƙashin ƙasa zan kai ku, can kwarin Tafkin Chadi.

Wannan yanki kamar ƙatuwar ƙwarya yake. Shekaru miliyoyi yashi da laka suna zuba cikinta, shimfiɗa kan shimfiɗa, har suka kai kaurin kilomitoci. Ba a ganinsu da ido, sai dai a zana su.

Da an ce taswirar ƙasan Borno, hankalin kowa sai ya tafi kan man fetur. To ni kuwa ina ganin taswirar da ta fi amfanar talaka ta ruwa ce. A shekarun 1950 ma'aikatan binciken ƙasa na Najeriya suka riƙa haƙa rijiyoyin burtsatse, suna rubuta abin da bututu ya fito da shi, mita bayan mita. Da suka jera bayanan a takarda sai suka ga ruwan hawa uku ne: na sama, na tsakiya wajen mita 300, sai na ƙasa da ya haura mita 500. Laka mai kauri ce ta danne biyun ƙasan, shi ya sa da an huda, ruwa ke tasowa da kansa, ba famfo ba inji. Makiyaya suka samu mashaya a dajin da ba a zama da rani. Amma fa an bar rijiyoyi da yawa suna zuba dare da rana, shekara da shekaru, har ƙarfin ruwan ya ja baya.

Sai zancen mai. Nan bututu kaɗai ba ya isa. Ana girgiza ƙasa, sautin ya nutsa, ya bugi kowace shimfiɗa ya dawo, na'urori su naɗi amsa-kuwwar. A da layi-layi ake yi, kamar ka yanka alkaki sau biyu ka ce ka san duk cikinsa. Da irin wannan taswira NNPC ta haƙa rijiyoyi 23 a shekarun 1980 da 1990. An ga alamar iskar gas a Wadi-1 da Kinasar-1, man sayarwa kam babu.

A tsallaken iyaka kuwa, a Agadem ta Nijar, kamfanin CNPC na Sin ya fara fitar da mai a 2011, ana tacewa a matatar Damagaram. Ƙwarya ɗaya ce, amma ba lungu ɗaya ba. Wasu masana na ganin narkakken dutse da ya kutsa ƙasan Borno ya dafa man ya wuce misali, ya koma gas.

Wannan ya sa aka sake awo, yanzu da kwamfuta mai haɗa tsawo da faɗi da zurfi, har masani ya juya shimfiɗun a kan allo yadda ya so. Sai dai kwamfutar ba ta ƙirƙiro bayani, dole wani ya taka daji ya kwaso. A Yulin 2017 Boko Haram ta yi wa ayarin masu binciken kwanton ɓauna kusa da Magumeri. An kashe mutane da dama, har da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri, aka sace uku, ba a sako su ba sai Fabrairun 2018. Aiki ya tsaya cak.

A Mayun 2023 aka koma da injin haƙa, aka fara rijiyar Wadi-B a ƙaramar hukumar Jere.