Daga Mangalar Jaki zuwa Kariyar Keke

Sunan da Turawan Ingila ke kiran jakar da ake ratayawa a gefen keke, aro shi suka yi daga Faransanci, panier, wato kwando. Su ma Faransawa daga Latin suka gaji kalmar, panarium, kwandon zuba burodi. Tun ba a san keke ba ana amfani da ita ga kwanduna biyu da ake aza wa jaki ko alfadari, ɗaya dama ɗaya hagu. Wanda duk ya tashi ƙasar Hausa ya san wannan kaya da sunansa, mangala. Fataken da suka riƙa kai goro, kanwa da gishiri tsakanin Gwanja, Kano da Damagaram sun daɗe da sanin dokokinta uku: nauyi ya sauka ƙasa, ɓangarorin biyu su yi daidai, a kuma shimfiɗa akumari don kada kaya su goge bayan dabba. Ni a ganina, duk abin da injiniyoyi suka yi cikin shekaru ɗari da ƴan kai game da ɗaukar kaya a keke, sake gano waɗannan dokoki ne da ƙarfe.

Wani tsohon keke mai feda da ya yi tashe a Turai, mai ƙatuwar ƙafar gaba da ƴar ƙarama a baya, ba shi da wurin aza komai. Mahayin kansa da ƙyar yake zama. Sai a 1885 John Kemp Starley na garin Coventry ya fito da Rover, mai ƙafafu kusan kai ɗaya da sarƙa mai juya ta baya. A 1888 John Boyd Dunlop ya kawo tayar iska a Belfast. Daga nan aka samu fili bisa ƙafar baya, keke ya tashi daga abin wasan samarin masu kuɗi ya zama abin aiki. Ƴan kai wasiƙa, masu burodi da mahauta suka rungume shi. A Paris, masu rarraba jarida sun gwammace faffaɗar kariya a gaba, har gasar tsere suke yi da damin jaridu a kai.

A Ingila abokin gāba shi ne ruwan sama. A 1932 wani mai suna Wilf Carradice ya fara ɗinka jakunkunan keke a garin Nelson, yankin masaƙun Lancashire, da wani kakkauran yadin auduga. Dabarar tana cikin zaren: in ya jiƙa sai ya kumbura ya toshe ƙofofin saƙar, ruwa ya rasa hanya. Jakar tana da nauyi, ba ta da ƙyalli, amma in ta yage kowane baduku zai ɗinke ta.

Babin da ya fi jan hankalina a wannan tarihi ba a Turai aka rubuta shi ba. A 1953 sojan Faransa suka kafa sansani a kwarin Dien Bien Phu, arewa maso yammacin Biyetnam, bisa lissafin cewa mayaƙan Viet Minh ba za su iya ciyar da babbar runduna cikin waɗannan duwatsu da kurmi ba, balle su kai mata harsashi. Janar Giap ya tara dubban ƴan dako, da yawansu da kekuna, kuma cikin kekunan akwai ƙirar Peugeot, wato na Faransar kanta. Ba hawa suke yi ba, turawa suke. Sun ƙarfafa firam da katako da gora, suka ɗaura doguwar sanda ga kan keken domin juya shi, wata kuma wajen sirdi domin riƙo da turi. Buhunan shinkafa suna rataye dama da hagu, ƙasa-ƙasa. Keke guda yakan ɗauki kilo 200, ninkin-ba-ninkin abin da mutum zai ɗauka a ka. Ba ya shan mai, ba ya ƙara, jirgin sama ba ya ganinsa cikin itatuwa, in ya karye a ɗaure shi nan take a wuce. Ranar 7 ga Mayu 1954 sansanin ya faɗi. Wannan yaƙi bai yi nisa da mu ba kamar yadda taswira ke nunawa: Faransa ta kwashi sojan Afirka ta Yamma zuwa Indochine, kuma Seyni Kountché na cikin waɗanda suka yi aikin soja a can.

A namu yankin keke, ko belo kamar yadda wasunmu ke faɗi, ya bazu ne tare da kuɗin gyaɗa. Manomi ya sayar da amfaninsa, ya sayi Raleigh ƙirar Nottingham. Daga baya kamfanin ya kafa wurin harhaɗa kekuna a Kano, suna bin hanyar Katsina su shigo Maraɗi. Sannan na Sin suka biyo, Phoenix ta Shanghai da Flying Pigeon ta Tianjin, masu arha. Kariyar da ke zuwa da su ta faifan ƙarfe ce, da maƙalli mai sifirin, an yi ta ne don jakar littafi ko ƙunshin cefane. Mu kuwa muka aza mata buhun hatsi, itacen girki, jarkokin ruwa, wani sa'in da uwargida a kai. Ba ta daɗe. Sai masu walda suka shiga: a lanƙwasa rodi, a ba shi ƙafafu huɗu, a ɗaure kaya da robar tsohon tub. Wannan kariya ba ta da sunan kamfani, ba ta cikin littafin tarihin kowa, alhali ita ce ta ɗauki kasuwannin ƙauyukanmu shekara da shekaru. Aibinta nauyi, da kuma cewa ta fi keken ƙarfi, don haka wayoyin ƙafar baya ne ke tsinkewa a madadinta. Ƙungiyar World Bicycle Relief, da aka kafa a 2005, ta lura da haka a Zambiya da Kenya, ta ƙera keken Buffalo wanda kariyarsa ta ƙarfe ke ɗaukar kilo 100, tare da ƙafa da firam da za su iya jure wa hakan.

A can kuwa gyara ya bi hanyar rage nauyi. A 1975 Jim Blackburn na Kalifoniya ya fito da kariyar alminiyam mai tokare kusurwa uku, wadda ba ta lilo ko da an cika ta. A 1982 Hartmut Ortlieb, Bajamushe, ya soma yin jaka da irin tamfol ɗin da ake rufe kamyo da shi. Daga baya kamfaninsa ya riƙa manne gaɓoɓin jakar da zafi maimakon allura, bakinta kuma a naɗe shi kamar bakin buhu. Yawancin jakunkunan kanti na yau jikokin waɗannan biyun ne.

To, malamin lakwal ko ma'aikacin biro da ke taka keke kullum safe da maraice a Yamai, Damagaram ko Garwa, me zai ɗauka cikin wannan duka? Kayansa ba su wuce takardu, kwamfuta, kwanon abinci da cefanen dawowa ba, abin da da wuya ya haura kilo 15. Yawancin kariyoyin kanti an buga musu kilo 25 a jiki, nauyin jarka guda ta lita 25 kenan, saboda haka ba ya bukatar rodi. Ni dai ƙarfe nake zaɓa, bututu mai rami a ciki, ba alminiyam ba. Ƙarfe yakan lanƙwashe ya ba ka labari kafin ya karye, kuma kowane mai walda a bakin hanya zai haɗa shi. Alminiyam tsagewa yake yi ba sallama bayan dogon jijjiga a hanyar burji, waldarsa kuma sai mai injin musamman. A dubi ƙafafun kariyar: biyu ko uku a kowane gefe masu haɗuwa su yi kusurwa uku sun fi ƙwaya ɗaya tsaye, kuma suna hana jaka faɗawa cikin wayoyi. A tabbata notinta na shiga ramin da aka tanada a jikin firam, a riƙa taɓa shi da sifana lokaci-lokaci, domin kariya da yawa noti ne ya kwance kafin su karye.

Game da jaka, lissafin Turai bai zama namu ba. Su ruwa suke gudu, mu damina wata uku ce ko huɗu, sauran shekara rana ce da ƙura. Rana tana busar da maƙallan roba har su ɓalle, ƙurar hunturu kuma tana cinye zip cikin ƴan watanni. Don haka jaka mai naɗaɗɗen baki ko mai maɗauri da ƙugiyar ƙarfe ta fi dacewa da mu, ko ta tamfol ce ko ta kakkauran yadi. A rataye ta can baya yadda diddige ba zai buge ta ba, a naɗa guntun tub inda ƙugiya ke zama don kada ta ci bututun. In jaka biyu ce, kwamfuta da littattafai su shiga ɗaya, kwano da cefane su shiga ɗayar, a ɗaga su da hannu a ji sun yi kusan daidai kafin a hau.