TARIHIN TASWIRAR DUWATSUN ABZIN

Yau za mu yi zancen taswira. Taswira ita ce hoton ƙasa bisa takarda. Tana nuna dutsi, kwari, ƙorama, rijiya da hanya.

Ku dubi arewacin ƙasarmu. Can ne duwatsun Abzin suke. Tsakaninsu akwai kwaruruka masu albarka, kamar Timiya, Iferwan da Tabelot. Mutanen wurin suna noman garka. Raƙumi ko sa yake jawo ruwa daga rijiya. Suna samun alkama, masara, albasa, dabino da lemu.

Tun da daɗewa madugai sun san kowace rijiya, amma a ka suke riƙe da saninsu. A shekarar 1850 wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdul Karim, ya ratsa Abzin har Agadas. Yana tafiya yana tambaya, yana rubuta sunayen duwatsu da ƙoramu. Da rubutunsa aka zana taswira a Turai. A 1899 ayarin sojan Faransa na Foureau da Lamy ya sauka Iferwan. Su hanyar cin ƙasa suke nema.

Bayan yaƙin duniya na biyu aka ɗauki hoton ƙasar daga jirgin sama, aka zana sababbin taswirori. A cikinsu santimita ɗaya bisa takarda kilomita biyu ce a ƙasa. Za ku ga layuka masu lanƙwasa. Inda suka matsu, dutsi ne mai tsaye. Inda suka buɗe, fili ne. Da irin wannan awo aka san dutsin Bagzan ya kai mita 2022, ya fi kowane tsawo a Nijar.

Mene ne amfanin tsohuwar taswira? Tana nuna inda ruwa ya saba bi. A watan satumba 2009 ƙoramar Telwa ta cika, ta rushe gidaje da yawa a Agadas. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Kafin a gina gida ko a haƙa rijiyar garka, a dubi taswira, a kuma tambayi tsofaffi.

A Yamai akwai ma'aikatar gwamnati mai aikin taswira. Ku da kuka iya karatu, in taswira ta zo hannunku, ku fara neman sunan garinku, sannan ku bi ƙoramarku da yatsa har inda ta fito.