Fitila a Tagar Fadar Dublin: Yadda Kujerar Shugaban Ayilan Ta Samu Martaba

A daren 27 ga Janairu 1982 wayar tarho ba ta huta ba a fadar shugaban ƙasar Ayilan da ke cikin gandun Phoenix a birnin Dublin. Da yammacin ranar gwamnatin Garret FitzGerald ta sha kaye a majalisa da tazarar ƙuri'a ɗaya, 82 da 81, a kan kasafin kuɗin da ya ɗora haraji har kan takalman yara. Firaministan yana shirin zuwa fada ya nemi a rusa majalisa a koma zaɓe. 'Yan adawa na jam'iyyar Fianna Fáil kuwa so suke shugaba Patrick Hillery ya ce a'a, domin madugunsu Charles Haughey ya kafa gwamnati ba tare da an je rumfar zaɓe ba. Suna da dalilin sa rai. Tsarin mulki ya ba shugaban damar ƙin, kuma Hillery nasu ne, ya daɗe yana minista a gwamnatocinsu. Sai ya umarci hafsan sojan da ke bakin aiki kada ya haɗa shi da kowa. FitzGerald ya iso, Hillery ya sa hannu, aka yi zaɓe a watan Fabrairu.

Mutumin da ya ƙi ɗaga wayar nan ba ya naɗa minista da ra'ayin kansa, ba ya tsara kasafin kuɗi, ko fita daga ƙasar ba ya yi sai da yardar gwamnati. Mai karatu zai ce ai wannan shugaban je-ka-na-yi-ka ne. Ni ban yarda da wannan suna ba, kuma dalilina yana cikin yadda aka sassaƙa kujerar tun farko.

Yarjejeniyar da aka ƙulla da Birtaniya a Disamba 1921 ta ba gundumomi 26 daga cikin 32 na tsibirin mulkin kai, shida na arewa suka ci gaba da zama ƙarƙashin Landan. Amma 'yancin da ƙarshen igiya a hannun wani ne: sarkin Ingila shi ne shugaban ƙasa, gwamna-janar yana wakiltarsa a Dublin, 'yan majalisa kuma sai sun yi rantsuwar da ta ambaci sarkin. A kan wannan 'yan gwagwarmayar da suka yaƙi Turawan Ingila kafaɗa da kafaɗa suka juya bindiga a kan junansu, aka yi yaƙin basasa daga 1922 zuwa 1923. Éamon de Valera yana ɓangaren da aka ci da yaƙi. Da ya hau mulki ta hanyar zaɓe a 1932 bai yi gaggawar tsige sarautar ba, sai ya riƙa zare mata jijiya ɗaya bayan ɗaya. Ministocinsa suka dinga wulaƙanta gwamna-janar James McNeill har ya bar aiki. A gurbinsa de Valera ya kawo Domhnall Ua Buachalla, wani mai kanti daga garin Maynooth wanda ya shiga tawayen 1916 na adawa da mulkin Ingila, ya zaunar da shi a wani gida a bayan gari, ba a fadar gwamna ba. Aikinsa ya sa hannu a takarda, ya yi shiru. Da sarki Edward na takwas ya sauka daga gadon sarauta a Disamba 1936, de Valera ya ga faɗuwa ta zo daidai da zama, ya cire sarkin da wakilinsa daga tsarin mulki cikin kwana biyu.

Gurbin da aka bari shi sabon kundin tsarin mulki na 1937 ya cike da muƙamin shugaban ƙasa, wanda a harshen Ayirish ake kira Uachtarán na hÉireann. Jama'a suka amince da kundin a ƙuri'ar raba gardama ta 1 ga Yuli, ya fara aiki ranar 29 ga Disamba. 'Yan adawa sun tsorata, kuma ba a ga laifinsu ba, zamanin Hitler da Mussolini ne. Zarginsu shi ne de Valera yana gina wa kansa karagar kama-karya, tunda jama'a ne za su zaɓi shugaban kai tsaye, wa'adinsa shekara bakwai, kuma shi ne babban kwamandan sojoji a takarda.

Amsar wannan zargi ba a baki aka ba da ita ba, a zaɓin mutum aka ba da ita. Manyan jam'iyyun biyu, waɗanda jinin yaƙin basasa bai bushe a tsakaninsu ba, suka haɗu a kan Douglas Hyde, dattijo ɗan shekara 78, malamin jami'a da ya kafa ƙungiyar raya harshen Ayirish a 1893. Ɗan fasto ne, mabiyin ɗariƙar Furotesta a ƙasar da fiye da kashi 90 cikin 100 Katolika ne. An rantsar da shi ranar 25 ga Yuni 1938, ya tare a tsohuwar fadar wakilin sarkin Ingila, aka sauya mata suna zuwa Áras an Uachtaráin. Ba a kai wata shida ba ƙungiyar wasannin gargajiya ta ƙasar ta cire sunansa daga jerin iyayenta, don ya je kallon ƙwallon ƙafa tsakanin Ayilan da Poland, wasan da take ɗauka na Turawan Ingila ne. Da ya rasu a 1949, ministoci Katolika da dama a waje suka jira lokacin da ake masa addu'a a cocin St Patrick, saboda dokar cocinsu ta lokacin ta hana su shiga. Ƙasar ta iya ɗora shi a kan kujera kafin ta iya zama da shi a ɗaki ɗaya. A shekarar ce kuma, ranar 18 ga Afrilu, Ayilan ta zama jamhuriya cikakkiya, domin har zuwa lokacin da sunan sarkin Ingila ake tura jakadunta ƙasashen waje.

To me ke hannun shugaban? Akasarin aikinsa bin shawarar gwamnati ne: ya naɗa firaministan da majalisa ta zaɓa, ya naɗa alƙalan da gwamnati ta miƙa, ya karɓi jakadu, ya rattaba hannu a kan doka tsakanin kwana na biyar da na bakwai da kawo masa ita. Amma akwai makullai biyu da shi kaɗai ke riƙe da su. Na farko wanda aka nemi Hillery ya murɗa: idan firaminista ya rasa rinjaye a majalisa, shugaban na iya ƙin rusa ta. Ba a taɓa amfani da shi ba. Na biyu yana sashe na 26: idan yana shakkar wani ƙudiri ya saɓa wa tsarin mulki, zai ji ta bakin majalisar mashawartansa, sannan ya tura shi kotun ƙoli kafin ya sa hannu. Makullin nan kaifi biyu gare shi. In kotu ta wanke ƙudirin, babu mai sake ƙalubalantarsa har abada, ko da daga baya an ga cutarwarsa a aikace. Shi ya sa shugabanni ba sa yawan taɓa shi. Hyde ne ya fara, a kan dokar tsare mutane ba shari'a ta 1940, kotu ta amince da ita. Ya sake da ƙudirin tilasta zuwa makaranta na 1942, kotu ta ce wani sashensa ya shiga hakkin iyaye.

Mu ma a Nijeriya mun taɓa irin wannan tsari, daga tushe ɗaya na gwamna-janar: Nnamdi Azikiwe shugaban ƙasa daga 1963, iko yana hannun firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bayan zaɓen Disamba 1964 Azikiwe ya yi kwanaki yana jan ƙafa wajen kiran Ɓalewa ya kafa gwamnati, ƙasa ta ɗauki zafi. Namu tsarin bai kai shekara uku ba soja suka kawar da shi. Na Ayilan ya haura tamanin da biyar.

Shekara talatin da biyar na farko kujerar ta yi barci. Seán T. O'Kelly ya yi wa'adi biyu, de Valera da kansa ya hau a 1959 idanunsa sun kusa mutuwa, ya sauka a 1973 yana da shekara 90. Jama'a suka ɗauki fadar wurin hutun tsofaffin 'yan siyasa. Sau shida a tarihin muƙamin ba a ma kaɗa ƙuri'a ba, don ɗan takara ɗaya ne, kasancewar sabon ɗan takara ba ya tsayawa sai 'yan majalisa 20 ko ƙananan hukumomi huɗu sun tsayar da shi.

Abin da ya girgiza ta ya zo a 1976. Shugaba a lokacin Cearbhall Ó Dálaigh ne, tsohon babban jojin ƙasa, mutumin da ya san doka ciki da bai. A watan Yuli 'yan bindigar ƙungiyar IRA suka kashe jakadan Birtaniya Christopher Ewart-Biggs da nakiya a bayan Dublin. Gwamnati ta kawo ƙudirin ta-ɓaci da ya ba 'yan sanda damar tsare wanda ake zargi kwana bakwai ba a gurfanar da shi ba. Ó Dálaigh ya tura shi kotun ƙoli, kotu ta wanke shi, ya sa hannu. Bai yi komai ba sai aikinsa. Amma ranar 18 ga Oktoba ministan tsaro Paddy Donegan ya tsaya a barikin soja na Mullingar, a gaban sojojin da shugaban ne babban kwamandansu, ya kira shi babban abin kunya. Ministan ya nemi gafara, ya miƙa takardar murabus, firaminista Liam Cosgrave ya ƙi karɓa. Kwana huɗu bayan zagin Ó Dálaigh ya ajiye muƙaminsa. Wasu suna ganin ya yi saurin fushi. A ganina ya fahimci abin da gwamnatin ba ta fahimta ba: kujerar ba ta da soja na gaske, ba ta da baitulmali, jarinta mutunci ne kawai, mutunci kuwa madara ne. Da ya haɗiye zagin, da duk shugaban da ya biyo shi ya san cewa tura doka kotu yana jawo tozarci daga minista ba tare da an hukunta kowa ba. Bai kai shekara biyu da sauka ba ya rasu.

Hillery ne aka kawo ya kwantar da ƙura, ya yi shekara 14 ba a cika jin duriyarsa ba. Sirrin daren wayar nan bai fito fili ba sai a yaƙin neman zaɓen 1990. Ɗan takarar Fianna Fáil, Brian Lenihan, ya musanta a talabijin cewa yana cikin masu bugo waya, sai ga faifan hirar da ya yi da wani ɗalibin jami'a yana cewa ya buga. Haughey, wanda shi ne firaminista a lokacin, ya kore shi daga gwamnati ana saura kwanaki zaɓe. Duk da haka shi ya zo na ɗaya a ƙidayar farko. Amma a Ayilan mai zaɓe yana jera 'yan takara ne bisa fifiko, da aka raba ƙuri'un wanda ya zo na uku sai Mary Robinson ta wuce shi.

Lauya ce 'yar shekara 46, ta shafe shekara ashirin a majalisar dattawa tana fafutukar hakkin mata. Ba a ƙara mata iko ko na ƙwayar zarra ba, abin da ta gano shi ne babu dokar da ta hana shugaba ya je wuri, ya gaisa da mutum, ya buɗe ƙofarsa. Ta kunna fitila a tagar fadar, a bisa al'adar mutanen karkara da ke haska wa matafiyi hanyar gida, ta ce don 'yan Ayilan da ke warwatse a duniya ne. Wanda ya san cewa yunwar da ta fara a 1845 ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, ta kori wani miliyan ɗayan zuwa Amurka da Ingila, kuma matasa na ta ficewa neman aiki har a shekarun 1980, zai gane me fitilar ta taɓa a zuciyar iyaye. A 1992 ta je Somaliya ana tsakiyar yunwa, ta fito ta yi wa 'yan jarida bayani a Nairobi muryarta na rawa. A 1993 ta sha shayi da sarauniya Elizabeth a fadar Buckingham, karo na farko da shugaban Ayilan ya gana da mai sarautar Ingila, bayan 'yan makonni kuma ta yi musabaha da Gerry Adams na jam'iyyar Sinn Féin mai alaƙa da IRA a Belfast, lokacin da gwamnatocin Dublin da Landan duka ba sa son hakan. Ta sauka a 1997 kafin cikar wa'adinta, ta koma shugabar hukumar kare hakkin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Wadda ta gaje ta, Mary McAleese, 'yar Belfast ce da rikicin arewa ya kori danginta daga gidansu. Ta yi shekara 14 tana gayyatar Furotesta masu biyayya ga Birtaniya zuwa fadar. A watan Mayu 2011 ta tsaya gefen sarauniya Elizabeth a lambun tunawa da waɗanda suka mutu suna yaƙar mulkin Ingila, sarauniyar ta ajiye fure ta sunkuyar da kai. Washegari da daddare a wajen liyafa sarauniyar ta buɗe jawabinta da gaisuwa cikin harshen Ayirish. Firaminista ba zai iya tsayawa a wannan matsayi ba, domin shi na jam'iyya ne, rabin ƙasa na jiran faɗuwarsa.

Michael D. Higgins, mawallafin waƙoƙi daga Galway, ya ja igiyar fiye da kowa tsakanin 2011 da 2025. Ya kira matsalar gidaje bala'i, ya yi magana a kan Gaza da kan tsarin tattalin arzikin Turai, a 2021 ya ƙi halartar addu'ar cika shekara ɗari da raba tsibirin a Armagh. Masu sukarsa sun ce ya shiga gonar gwamnati, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, domin ranar da aka ga shugaban ya zama ɗan adawa, ranar ce zai daina zama uban kowa. Jama'a dai sun sake zaɓensa a 2018 da kusan kashi 56 cikin 100, a Oktoba 2025 kuma suka ba Catherine Connolly, 'yar majalisa mai zaman kanta daga Galway wadda ba ta ɓoye ra'ayinta, kimanin kashi 63. Ita ce ta goma a kujerar, mace ta uku.

Akwai abin da har yanzu bai daidaita ba. Ɗan Belfast mai fasfon Ayilan zai iya tsayawa takarar shugaban ƙasa, kamar yadda McAleese ta yi, amma ba zai iya kaɗa ƙuri'a ba muddin a arewa yake zaune. Haka ma 'yan ƙasar da ke Boston da Landan da Sydney, waɗanda aka kunna fitilar dominsu. Taron gyaran tsarin mulki ya ba da shawarar a ba su ƙuri'a tun 2013, gwamnati ta yi alkawarin ƙuri'ar raba gardama a 2017, ta kai ƙudiri majalisa a 2019. An yi zaɓen 2025 ba da su ba.