TARIHIN SHIGAR MASU DIFLOMA JAMI'A: DAGA YABA ZUWA ALABA RAGO



Kwanakin baya muna zaune a rumfar wani dattijo mai sayar da raguna a nan Alaba Rago, sai ya zaro wata takarda daga aljihu ya miƙo mini, ya ce, "Malam, duba mini wannan. Shekara biyu ina biya wa yaron nan kuɗin difloma, an ce da ya gama aji biyu zai faɗa a jami'a, ga shi yanzu ya dawo wai takardar ba ta karɓu ba." Na duba, sai na ga kwas ɗin da yaron ya yi ba ya cikin waɗanda hukuma ta amince da su. Na ce, "Baba, sai haƙuri, yaro ya yi karatu, amma ba a kan hanyar da ke ɓullewa aka ɗora shi ba." Dattijon ya yi shiru, domin kuwa kuɗin raguna masu yawa ne suka tafi.

Wannan ne ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihin wannan ƙofa da yaranmu ke kira DE, wato shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Wanda ya san inda abu ya faro, ba a cika ruɗinsa a kansa ba.

Abin mamaki, rigimar difloma da digiri a nan Ikko aka haife ta. A shekarar 1932 Turawan mulki suka kafa Babbar Kwalejin Yaba, aka yi bikin buɗe ta a 1934, lokacin da Mista Hussey ke shugabancin ilimi a ƙasar nan. A can ake koyar da aikin likita da injiniya da noma da safiyo da malanta. Karatun mai tsawo ne, kuma mai wuya, amma in ɗalibi ya gama difloma ake ba shi, wadda ba ta da daraja a wajen Nijeriya. Wanda ya karanta likita sai a kira shi mataimakin likita, albashinsa kuma ƙasa da na wanda ya yi digiri a Ingila, ko da kuwa aiki ɗaya suke yi a asibiti ɗaya.

'Yan bokon Ikko ba su yarda da wannan ba. Fushin da suka yi yana cikin dalilan kafa Ƙungiyar Samarin Ikko a 1934, wadda irin su Ernest Ikoli da H.O. Davies da Dakta Vaughan da Samuel Akinsanya suka jagoranta, ita ce kuma ta zama Ƙungiyar Samarin Nijeriya a 1936. Ka ga ke nan kukan mai difloma yana cikin abubuwan da suka hura wutar neman 'yancin kai. Da kwamitin Elliot ya ba da rahotonsa a 1945, aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, ɗaliban Yaba aka kwasa aka fara da su. To, su ne za a ce 'yan farkon da suka tsallaka daga layin difloma zuwa layin digiri a ƙasar nan.

Ibadan a lokacin tana ƙarƙashin Jami'ar Landan ne, saboda haka tsarin Ingila ta bi. Ƙofa biyu ce. Wanda ya gama sakandare ya ci jarrabawar shiga, sai ya fara da shekarar share fage. Wanda kuma ya ƙara shekara biyu bayan sakandare ya sami takardar HSC, ko babbar GCE, sai ya tsallake share fagen ya shiga karatun digiri kai tsaye. Asalin DE ke nan. Wato tun fil azal ba alfarma ba ce, lissafi ne: karatun da ka yi a waje ya kai matsayin aji ɗaya na jami'a ko bai kai ba?

Yanzu bari mu leƙa gida Arewa, domin nan ne wannan ƙofa ta fi yin amfani. Sanin kowa ne an bar mu a baya a karatun boko. Manyanmu na farko, irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello, Kwalejin Katsina suka yi, malanta suka koya, ba digiri ba. Makarantun da ke da ajin HSC a Arewa 'yan kaɗan ne, saboda haka da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ranar 4 ga Oktoba, 1962, sai matsala ta fito fili: ga jami'a an gina, amma 'yan Arewa masu takardar shigarta ba su da yawa.

Ta hanyoyi uku aka ɓullo wa al'amarin. Ta farko ita ce takardar malanta ta NCE, wadda ta samo asali daga shawarwarin kwamitin Ashby na 1960. Aka buɗe manyan kwalejojin horar da malamai, ciki har da ta Zariya a 1962 da ta Kano a 1964. Malami mai Gireti Tu sai ya je ya yi NCE shekara uku, daga nan ya wuce jami'a ya yi digirin malanta. Ta biyu ita ce difloma. Cibiyar koyon aikin mulki da ke Kongo a Zariya ta horar da ma'aikatan En'e da akawuna da alƙalai, ta ba su difloma a fannin shari'a da mulki da lissafin kuɗi. Daga baya kwalejojin shari'a da addinin Musulunci, irin na Kano da Sakkwato, su ma suka riƙa ba da difloma a Larabci da Hausa da shari'a, wanda hakan ya buɗe wa ɗaliban makarantun Arabiyya hanyar jami'a. Ta uku kuwa ita ce makarantun share fage, irin wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe zamanin Farfesa Ishaya Audu, da jarrabawar IJMB da ta biyo baya a 1976, wadda har yau jami'ar ce ke kula da ita.

Duk wanda ya bincika tarihin alƙalai da manyan sakatarori da shaihunan malaman jami'a na Arewa, zai tarar da yawansu ta ɗaya daga cikin hanyoyin nan uku suka hau. Saboda haka wanda ke raina mai difloma, ya sani tsanin da iyayensa suka taka yake rainawa.

Kafin 1978 kowace jami'a ita ke ɗaukar ɗalibanta. Yaro ɗaya sai ya sami gurbi a jami'a uku, wani kuma ya rasa ko ɗaya. Wannan ya sa gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa hukumar JAMB a 1978, aka mayar da neman shiga ta hannunta, har da na masu shiga aji biyu. Shekara guda kafin nan, wato 1977, an kafa hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna, wadda ke tantance kwasa-kwasan foliteknik, irin Kwalejin Fasaha ta Yaba da ta Kaduna. A 1989 kuma aka kafa hukumar NCCE domin kwalejojin ilimi. Sai kuma tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982, wanda ya kawar da ajin HSC daga makarantun gwamnati sannu a hankali. Tun daga nan sai ƙofar aji biyu ta koma galibi ta masu ND da HND da NCE da IJMB.

A daidai wannan zamani ne jami'a ta zo mana har ƙofar gida. A 1983 gwamnatin Alhaji Lateef Jakande ta kafa Jami'ar Jihar Legas a nan Ojo, kan titin Badagry, 'yar tafiya kaɗan daga kasuwarmu. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, shekaru da dama yawancinmu wucewa kawai muke yi ta bakin ƙofarta. Kakanninmu fataucin goro da shanu ya kawo su Agege da sauran zangunan Ikko, hankalinmu kuma ya fi karkata ga kasuwa. Yaro ya gama sakandare sai a ce ya zo rumfa. In daga baya sha'awar karatu ta motsa masa, shekaru sun ja, sai difloma ta zame masa hanya mafi sauƙi. Shi ya sa wannan magana ta shafe mu fiye da wasu.

To, mene ne sharuɗɗan? Na farko, difloma ba ta goge raunin sakandare. Dole ɗalibi ya sami kiredit biyar a WAEC ko NECO ko makamancinsu, har da Turanci, da Lissafi a mafi yawan fannoni, kuma a zama bai wuce biyu ba. Na biyu, matakin da aka ci. A foliteknik ana auna sakamako ne bisa maki huɗu: daga 3.50 zuwa sama shi ne mafi daraja, daga 3.00 zuwa 3.49 babban kiredit, daga 2.50 zuwa 2.99 ƙaramin kiredit, ƙasa da haka zuwa 2.00 kuwa fas ne kawai. Jami'o'i da yawa babban kiredit suke nema ga mai ND, wasu kan karɓi ƙarami a wasu fannoni, amma fas da wuya ya kai mutum ko'ina. Mai HND wasu jami'o'in kan sa shi aji uku, wasu aji biyu. Na uku, dole fannin ya dace: wanda ya yi difloma a lissafin kuɗi ba zai nemi injiniya ba. Na huɗu, sai an sayi fom ɗin DE na JAMB, sannan makarantar da aka gama ita ce za ta aika da cikakken sakamako zuwa jami'a, ba ɗalibi ne zai kai da hannunsa ba.

Daɗin daɗawa, ƙofar ta ƙara tsukewa a shekarun baya-bayan nan. A 2014 wasu jami'o'i, bisa jagorancin Jami'ar Legas da ke Akoka, suka kafa jarrabawar JUPEB, takwarar IJMB. A 2016 hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ƙarƙashin Farfesa Abubakar Rasheed, ta umarci jami'o'i su daina ba da ƙaramar difloma, su bar wa foliteknik aikinsu. A 2017 JAMB, ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede, ta fito da tsarin CAPS, wanda ya sa duk gurbin da bai bi ta kwamfutarta ba ya zama ba halastacce ba. A 2023 kuma ta tsaurara tantance takardun masu DE, bayan da aka yi ta kama na jabu. Saboda haka zancen "na san wani a ciki" ya zama hanyar asarar kuɗi.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da mu mazauna Kudu. Jami'o'in Tarayya suna raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimi, waɗanda suka haɗa da Kano da Katsina da Sakkwato da Jigawa da Zamfara. Jami'o'in jiha kuwa 'yan asalin jiharsu suke fifitawa. Yaronmu da aka haifa a Agege ko Alaba, in ba shi da takardar shaidar ƙaramar hukumarsa ta asali, sai ya tashi ba tsuntsu ba tarko: nan a ce ba ɗan ƙasa ba ne, can gida kuma ba a san shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. A nemi takardar tun yaro yana sakandare, a kuma tabbata suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya a duk takardunsa da lambar NIN.

Ga iyaye, kafin a biya ko kwabo, a tambayi abu uku: shin hukuma ta amince da makarantar da kuma kwas ɗin kansa? Wace jami'a ce ke karɓar takardar? Wane mataki take nema? Ga samarinmu da suka riga suka wuce ta wannan hanya, haƙƙi ne a kansu su zauna da ƙannensu su duba musu littafin JAMB kafin a cika fom. Shugabannin zango su ma in sun ware rana guda a shekara domin wannan, ba ƙaramin taimako ba ne.

Shi kuwa ɗan dattijon nan, shawarar da muka ba shi ita ce ya yi IJMB ko JUPEB a cibiyar da aka amince da ita, tunda sakamakonsa na sakandare mai kyau ne. An yi asarar shekara biyu, amma sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani, amin.