Zalika Souley: Sarauniyar Silima da Aka Bari da Bokitin Ruwa

Kwanakin baya na shiga wani gida a Aboabo, nan Zangon Kumasi, na tarar da mata sun kewaye talabijin suna kallon fim ɗin Kano. Da muguwar kishiyar fim ɗin ta bayyana, sai wata dattijuwa ta nuna ta da yatsa ta ce, "Wannan yarinya ko a hanya muka gamu ba zan amsa sallamarta ba." Kowa ya yi dariya. Ni kuwa sai wata baiwar Allah ta faɗo mini a rai, wadda irin wannan magana ta bi ta shekara da shekaru. Sunanta Zalika Souley, 'yar Yamai, wadda ake lissafawa a sahun farko na matan Afirka baƙar fata da suka riƙi fim a matsayin sana'a.

Mai karatu zai ce, me ya haɗa mutumin Kumasi da silimar Nijar? Ai da alaƙa. A shekarar 1954 Bafaranshen nan Jean Rouch ya biyo wasu samari uku 'yan Nijar da na'urar ɗaukar hoto, wato Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaoudel, a hanyarsu ta zuwa cin rani ƙasar nan, lokacin tana hannun Turawan Ingila. A cikin fim ɗin, mai suna Jaguar, wanda ya fito a 1967, ana ganin Lam yana kasa kaya a kasuwar Kumasi, kamar yadda kakannin Zabarmawa da Hausawan Zango suka yi. Rouch ɗin nan ne ya gamu da Oumarou Ganda yana dako a Abijan, ya ba shi babban matsayi a fim ɗin Moi, un noir na 1958. A wurinsa kuma Moustapha Alassane ya goge a harkar fim a Yamai. Waɗannan mutum biyu su ne suka fito da Zalika.

An haife ta a Yamai a 1947. Tana da shekara 19 Moustapha Alassane ya sa ta a fim ɗinsa na 1966, Le Retour d'un aventurier, ma'ana dawowar ɗan yawon duniya. Labarin wani saurayi ne da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa. Kowa ya sa malafa, ya ɗaura bindiga, ya canza suna, suka hau dawakai suka hana ƙauyensu sakat. Mace ɗaya ce tak a cikin gungun, ita ce Zalika, sanye da wando a kan doki. Sunan da aka ba ta a fim ɗin shi ne Sarauniya Kiristina.

Wannan suna na wata sarauniyar ƙasar Suwidin ne, kuma masu kallon silima na wancan zamani sun san shi ta dalilin Greta Garbo. Ita Garbo an haife ta a birnin Istokholm a 1905, ta yi karatun wasan kwaikwayo a makarantar gidan wasa na masarautar ƙasarsu, ta tafi Amurka a 1925. A 1933 ta fito a matsayin Sarauniya Kiristina, ita ma da shigar maza, a kan doki. Mu riƙe sunan Garbo, za mu dawo gare ta.

Daga nan Zalika ta zama ginshiƙin finafinan Oumarou Ganda. Ta fito a Cabascabo, labarin sojan da ya dawo daga yaƙin Indocina ya ɓarnatar da kuɗinsa, fim ɗin da aka nuna a bikin Cannes na Faransa a 1969. Ta fito a Le Wazzou polygame, labarin wani Alhaji da ya dawo daga Makka ya ƙwace budurwar wani saurayi ya yi ta uku da ita, kishi ya kai ga kisan kai a gidan. Wannan fim shi ne ya fara cin babbar kyautar Yennenga ta bikin FESPACO a Wagadugu, a 1972. Ta kuma fito a Saïtane, wato Shaiɗan, labarin malamin tsibbu mai kai saƙo tsakanin matar aure da wani attajiri. Haka nan ta yi aiki da Djingarey Maïga, abokin hawanta a fim ɗin kaboyi, bayan shi ma ya zama darakta.

To, a nan matsalar take. Finafinan nan wa'azi suke yi a kan auren dole, da almubazzaranci, da cin amana, da damfara da sunan addini. Amma ba a nuna aibu sai an sami wanda zai ɗauki siffarsa. A lokacin da iyaye ba sa barin 'ya'yansu mata su tsaya gaban na'ura, Zalika ce ta yarda ta ɗauki kayan. Darakta ya samu yabo a kan ya faɗi gaskiya, ita kuwa ta samu zagi, domin jama'a da yawa ba su raba ta da matan da take kwaikwayo ba. A waje ana tafa mata, ana gayyatarta bukukuwan finafinai, a gida ana nuna ta da baki.

Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya. Oumarou Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981. A shekarun da suka biyo baya farashin yuraniyom ya faɗi, aljihun gwamnatin Nijar ya yi sauƙi, kaset ɗin bidiyo ya shigo, gidajen silima suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Aiki ya ƙafe. Lokacin da Rahmatou Keïta ta je ɗaukar tarihinta, ta same ta da 'ya'yanta a gida mai ɗaki biyu a Yamai, ko famfo babu. Daga baya ma sai da ta fita ƙasar waje aikatau. Fim ɗin Rahmatou, mai suna Al'lèèssi, wato ƙaddara a harshen Sanwai, ya fito a 2004, aka nuna shi a Cannes a 2005. Ba don shi ba, da yawancinmu ko sunanta ba za mu ji ba. Allah Ya yi mata rasuwa a watan Yulin 2021.

Yanzu mu koma ga Garbo. Ita da kanta ta bar fim a 1941, tana da shekara 36, ta zauna a New York cikin wadata har ta mutu a 1990. Ƙasarta ta adana finafinanta, a 2016 kuma ta buga hotonta a takardar kuɗi ta kurona 100. Mata biyu sun amsa sunan sarauniya ɗaya. Ɗaya ita ta bar sana'ar, ɗaya sana'ar ce ta bar ta. Ban ce bambancin hazaƙa ba ne, abin da na gani shi ne ɗaya tana da kwantiragi da hukumomin da ke tsaron aikinta, ɗaya kuwa daga tafi sai tsegumi.

Mu a Kumasi muna tsakanin masana'antu biyu, finafinan Kumawood na harshen Tuwi a ƙofar gidanmu, na Kano kuma a cikin ɗakunanmu. Sau nawa muka ji an fito neman taimako domin tsohon ɗan wasa ko tsohuwar 'yar wasa da ciwo ya kwantar? Mai ganin sana'ar ba ta dace ba yana da ikon ya ƙi kallo. Amma wanda ya zauna ya kalla, ya yi dariya, ya ɗauki darasi, bai kamata ya tashi ya tsine wa wadda ta koya masa darasin ba. Masu shirya finafinai kuma su rubuta yarjejeniya, su kafa asusun tsufa, su adana ayyukan na gaba tun suna raye.

Dattijuwar nan ta Aboabo na ba ta labarin Zalika kafin in fita. Ta yi shiru, can ta ce, "Allah sarki, ashe ita ma 'yar wani ce." Allah Ya jiƙan Zalika Souley, Ya yafe mata kurakuranta, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.