Daga Ramin Dara Zuwa Allon Kwamfuta: Tarihin Wasan Basira a Fagge da Sabon Gari

Duk wanda ya nemi sanin hanyar da baƙin abubuwa suka riƙa bi suna shigowa Kano tun farkon ƙarni na 20, ko na sana'a ne ko na sutura ko na nishaɗi, lalle bincikensa zai fitar da shi bayan ganuwa, inda Fagge da Sabon Gari suke maƙwabtaka da juna. Fagge dai tsohon masauki ne na ayarin Azbinawa da Larabawan da ke ƙetaro hamada, tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa bisa abin da masana tarihi suka ruwaito. Sabon Gari kuwa Turawan mulki ne suka yanka ta a wajejen 1913, bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, domin ma'aikata da 'yan kasuwa na kudancin Nijeriya da na Gwalkwas da Saliyo. A wannan yanki aka buɗe gidan siliman Rex a 1937, ta nan garmaho da akwatin rediyo da kaset suka bi suka shiga gidajen birni, ta nan kuma, a ƙarshen ƙarnin, wasannin na'ura suka shigo, waɗanda yara suka raɗa wa suna gem.

Amma kada a zaci cewa na'ura ta tarar da mutanen da ba su san wasan wasa ƙwaƙwalwa ba. Tun kafin a san lantarki, dattawa da samari suna zama a gindin bishiya su haƙa ramuka 30 a ƙasa, layi 5 a kan 6, kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, kowa yana neman jera uku domin ya ci ɗan abokinsa. Wannan ita ce dara, wadda ba ta buƙatar ƙarfin damtse sai tsinkaye da haƙuri da karanta niyyar abokin hamayya. Yara kuma suna da langa, wadda take horar da ƙafa ga tsalle da kiyaye ma'auni, suna da kacici-kacici da ake yi da dare bayan an tashi daga makarantar allo. Malamai ba su taɓa sakin wannan babi ba tare da hukunci ba, domin Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan Kano, ta tsananta a kan wasan nardu da shaɗaranji, kuma daga nan ne ake ƙiyasin sauran wasanni, ana duba ko akwai caca a ciki, ko suna shagaltar da mutum ga barin salla, ko suna cinye lokacin neman ilmi da neman halali. Da wannan ma'auni iyaye suka tarbi na'ura sa'ad da ta iso.

Isowarta kuwa ta hannun 'yan kasuwa ce, musamman Inyamurai masu kayan lantarki a Kasuwar Sabon Gari, wadda aka sake ginawa aka sa mata sunan Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi, da shagunan da ke kan titin France Road da kewayensa. Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da na'urarsa ta Famicom a 1983, wasan Super Mario Bros. ya biyo baya a 1985; sai dai abin da ya fi yawa a kan tebura a nan shi ne kwaikwayon wannan na'ura da ake ƙerawa a Taiwan da Sin, ana sauke shi a Legas, a ɗauko shi daga kasuwar Alaba zuwa Kano. Tare da ita ake sayar da kaset mai launin ɗorawa, a jikinsa an rubuta cewa wasanni ɗaruruwa ne a ciki, alhali kaɗan ne aka yi ta maimaitawa. Idan kaset ya ƙi kamawa, hoto ya tarwatse a talabijin, sai yaro ya zare shi, ya kai bakinsa ya hura iska a wajen haƙoran tagullar, ya goge da bakin rigarsa, ya mayar a hankali yana danna shi da tafin hannu, sauran yara sun yi tsit suna jiran allo ya washe. Akwai kuma ƙaramar na'urar hannu mai aiki da batir, wadda ake jera tubala a cikinta, asalinta wasan Tetris ne da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a tsakiyar shekarun 1980. Ta wannan na'ura wasan basira na lantarki ya shiga aljihun talaka a wannan gari.

Da yake ba kowane uba ne ke iya sayen na'ura ba, ba kowane gida ne kuma ke da talabijin ba, sai sana'ar gidan gem ta tsiro: shago guda, benci biyu ko uku, talabijin a kan kanta, labule a ƙofa domin tare haske, da ƙaramin janareta a waje saboda ɗaukewar wuta. Na'urar Sega ta zo da Sonic da Mortal Kombat, sa'an nan PlayStation ta kamfanin Sony, wadda ta fito a Japan a 1994, ta zo da faifai maimakon kaset, ta biyu kuma ta biyo baya a shekarar 2000, har wasan ƙwallon ƙafa na kamfanin Konami ya mamaye kowane shago. A nan ne ya kamata mai nazari ya tsaya ya yi tadabburi, domin tsarin cinikin shi ne ya zaɓi irin wasan da zai rayu. Mai shago kuɗinsa a kan wasa guda yake karɓa, al'ada kuma ta zauna a kan cewa wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya zauna ya jira na gaba. Saboda haka wasan da ke ƙarewa cikin 'yan mintoci, mai mutum biyu, mai tara 'yan kallo da sowa, shi ne riba. Wasan da mutum ɗaya zai zauna shiru rabin sa'a yana tunanin yadda zai buɗe ƙofa guda, hasara ce ga mai shago, kuma ba a daɗe ba irinsa ya rasa mazauni a kan bencin.

Mafakar da ya samu ita ce kwamfuta. A shekarun 1990 wuraren buga takardu da koyon kwamfuta suka yawaita a Sabon Gari da Fagge, mafi yawan na'urorinsu na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka, kuma sau da yawa akan tarar da wasa a cikinsu, ko wani ya kawo shi a ƙaramin faifai. Mafi shahara daga cikin waɗannan shi ne Prince of Persia, kuma tarihinsa abin lura ne. Wani saurayi Ba'amurke mai suna Jordan Mechner ne ya tsara shi kusan shi kaɗai. Ya ɗauki hoton ƙanensa yana gudu yana tsalle sanye da fararen kaya, sa'an nan ya bi motsin yana zana shi ɗaya bayan ɗaya, mahaifinsa kuma ya tsara kiɗan. Ya fito a 1989 a kan na'urar Apple II, wadda kasuwarta ta riga ta fara faɗuwa, bai yi ciniki sosai ba. Sai da aka mayar da shi kan kwamfutoci masu aiki da DOS a 1990, da launi mafi kyau da sauti mafi tsafta, sa'an nan ya zaga duniya. Ba don wannan juyi ba, da ɗan Fagge bai taɓa ganinsa ba, domin Apple II ba ta taɓa zama hajar Sabon Gari ba.

Labarinsa bai zama baƙo ga wanda ya karanta Dare Dubu da Ɗaya ko Magana Jari Ce ba: sarki ya tafi yaƙi, azzalumin waziri ya kulle gimbiya, ya jefa masoyinta kurkuku, an ba shi minti 60 kacal ya fito. A kowane mataki akwai ƙasa mai ruftawa, da ƙusoshi masu fitowa daga daɓe, da ƙofar ƙarfe da ba ta buɗuwa sai an taka wani dutse a wani ɗaki dabam, tana kuma sauka a hankali yayin da kake gudu zuwa gare ta. Almajirin koyon buga rubutu, idan maigida ya fita salla ko cin abinci, yakan buɗe wasan, yatsun dama a kan maɓallan kibiya, na hagu a kan maɓallin Shift, yana matsawa taku ɗaya-ɗaya zuwa bakin rami, abokansa a tsaye a bayansa kowa yana ba da shawara. Abin da ya fi daɗewa a bakin masu wasan shi ne inuwar jarumin, wadda ta fita daga jikinsa lokacin da ya tsallaka ta cikin madubi, ta kuma tare shi kusa da ƙarshe da takobi; duk saran da ya yi mata, shi ma ƙarfinsa yake raguwa, kuma ba a wuce wurin sai an mayar da takobi kube an haɗu da ita. Masu gaggawa sun zargi wasan da zalunci da mugunta, masu haƙuri kuwa sun ga hikima a cikinsa, irin wadda 'yan dara suka sani, cewa wani cin ba a samunsa sai an janye hannu.

Bayan kusan shekara ashirin, irin wannan ƙissa ta sake maimaituwa. Ƙananan masu ƙira, waɗanda ba su jingina da manyan kamfanoni ba, suka farfaɗo da wasan tsalle mai haɗe da warware matsala. Jonathan Blow ya fitar da Braid a watan Agusta na 2008 a kan Xbox 360, wasan da mai yinsa yake iya mayar da lokaci baya ya gyara kuskurensa, kuma a kan wannan ikon aka gina dukkan matsalolinsa. Kamfanin Playdead na Kofanhagan a ƙasar Denmak ya fitar da Limbo a watan Yuli na 2010, baƙi da fari, babu magana babu rubutu, yaro ƙarami yana ratsa daji mai tarko da ƙaton gizo-gizo yana neman 'yar'uwarsa. Dukkansu biyu ta intanet aka fara sayar da su, da katin biyan kuɗi, ba a faifai ba. Ma'ana, ɗan kasuwar Sabon Gari ba shi da abin da zai jera a kanta, mai gidan gem kuma ba shi da hanyar samu. Sai da Braid ya koma kwamfuta a watan Afrilu na 2009, Limbo kuma a 2011, sa'an nan suka iso hannun ɗalibai da masu gyaran na'ura, ana miƙa su daga wannan kwamfutar cinya zuwa waccan a ɗan ƙaramin filashi.

Ra'ayoyin masu wasa a kansu sun rabu, a nan da sauran duniya, amma dalilan ba ɗaya ba ne. A Amurka da Turai an yi ƙorafi a kan farashin dala 15, ana cewa ya yi yawa ga wasan da ake iya gamawa cikin 'yan sa'o'i. A nan kuwa gajartar ta zama falala, domin wasa mara nauyi shi ne tsohuwar kwamfuta take iya ɗauka ba tare da sarƙewa ba, shi ne kuma ake iya ci gaba da shi gwargwadon abin da batir ya rage bayan an ɗauke wuta. Waɗanda hannunsu ya saba da madannin PlayStation sun koka cewa tsalle da maɓallan rubutu ba ya daidaita, har wasu suka riƙa sayen madannin hannu mai igiya suna jonawa. Waɗanda suka taso da Prince of Persia kuwa ba su ga aibu a ciki ba. Wasu sun ƙi wasannin biyu ɗungum saboda babu abokin karawa, babu wanda za a yi wa dariya idan an ci shi. Wasu kuma, ko da yake su ne 'yan tsiraru, sun riƙe su da daraja, domin sun sami abin da gidan gem ya hana su, watau damar yin tunani ba tare da mai jiran layi yana tsaye a kansu ba.

Wayar salula ta GSM, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, ita ta kammala sauyin. Daga wasan maciji da na jar ƙwallo mai tsalle a wayoyin Nokia, har zuwa Limbo kansa da ya sauka a wayoyin Android a 2015, wasan mutum ɗaya ya koma aljihu, ya bar gidan gem ga ƙwallon ƙafa. Gobarar da ta tashi a Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna da dukiya mai yawa, kuma tsofaffin 'yan kasuwar da suka fara wannan ciniki suna ta raguwa ba tare da an rubuta abin da suka sani ba.

Abu biyu suka wajaba a faɗa a ƙarshe, bisa adalci. Na farko, mafi yawan abin da aka yi wasa da shi a wannan yanki kwafi ne, tun daga kaset mai launin ɗorawa har zuwa filashi, kuma waɗanda suka ɓata shekaru suna ƙira ba su sami ko anini daga gare mu ba. Talauci da rashin hanyar biya uzuri ne a jiya, amma haƙƙin mai aiki ba ya faɗuwa, kuma yau hanyar biya ta samu. Na biyu, shekaru fiye da talatin muna saye muna wasa, alhali tarihin nan ya nuna cewa mutum ɗaya ko ƙaramar ƙungiya, da kwamfuta guda da himma, suna iya ƙera abin da zai zaga duniya. Muna da dara, muna da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, muna da ganuwa da ƙofofinta da lungunan kasuwar Kurmi, kuma muna da samari a Fagge da Sabon Gari da Beirut Road waɗanda suka san cikin na'ura kamar tafin hannunsu. Kira gare su shi ne su koyi ƙira bayan gyara. Kira ga iyaye da malamai kuwa shi ne su bambanta wasan da ke kaifafa hankali da wanda ke kai yaro ga caca, su sa wa na farkon lokaci da iyaka, su hana na biyun baki ɗaya. Allah ya sa mu dace.